Fulawa Rabin Buhu

Shekara goma sha ɗaya babbar tukunyar marigayiya Inna tana gidan Yaya, kuma a danginsu duk gidan da tukunyar nan take, nan ake taruwa cin abincin babban hutu. Bana ne Goggo, ƙanwar mahaifinsu da ba a ja da maganarta, ta ce a ba Auta aro a gani. In ta fitar da dangi kunya, tukunya ta zauna. In ta yi shirme, ta koma inda ta fito. Auta fa shekararta arba'in da uku, 'ya'yanta huɗu, amma har yau Yaya ba ta yarda ta iya tafasa ruwa ba.

Kwana uku Auta ba ta zauna ba. Ta wanke labule, ta goge fanka, ta hura balan-balan har kunnuwanta suka toshe. Ranar taro da safe kaji shida suna kwance cikin kayan ƙamshi, miya tana ɓararraka, albasa ta sa ta kuka sau biyu. Falo ne kawai ya tsaya mata a rai, don ya yi fayau kamar ɗakin jiran likita.

Daga kicin ta ƙwala wa mijinta kira. Shi mai gyaran firiji ne, mutumin kirki, sai dai abin da kunnensa ya ji shi hannunsa ke kawowa.

"Baban 'yan biyu! Yi sauri kafin a rufe shaguna don hutu ka samo mini fulawa. Mai yawa, mai kyau, wadda Yaya za ta gani bakinta ya mutu."

"Fara ko mai ƙasa-ƙasa?"

"Wa zai so mai ƙasa-ƙasa? Fara tas!"

Bayan awa guda sai ga shi yana nishi, rabin buhu a kafaɗa, gemu ya yi furfurar dole. Ya dire shi tim a ƙofar kicin, yana jiran yabo.

Auta ta dubi buhu, ta dubi miji. "Mene ne wannan?"

"Fulawa. Lamba ɗaya."

"Ta ado nake nufi! Mai ganye! Wadda ake sakawa a kwalba!"

"To ai daga kicin kika kira ni, da ludayi a hannunki. Wa ke riƙe da ludayi ya nemi fure?"

"Koma!"

"Ina? A kan idona suka ja ƙofa. Sai jibi."

Ana cikin haka Yaya ta yi sallama. Ta zo awa uku kafin lokaci wai don ta taya aiki, cikin leshi mai nauyi da zobe a kowane yatsa. Da ta ji labari sai dariya ta kayar da ita a kan buhun, tana buga cinya tana share hawaye.

"Wayyo cikina! Auta, kar ki wahalar da kanki. Ana gama ci ki wanke mini tukunyata, but ɗin motata a buɗe yake."

Auta ta ja roba ta zuba garin, ta watsa sukari da ruwa ta hau murzawa, don in ba ta murza wani abu ba wuyan wani za ta murza. Can ta gutsuri kaɗan ta faɗaɗa, ta ɗauki almakashi ta tsaga bakinsa gida biyar, ta jefa cikin man da ta ɗora don kaji. Abin ya nutse, ya taso, ya buɗe.

"Lah!" in ji mijin. "Ga fulawarki nan ta fito!"

Auta ta saki ihu har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Ta zazzage kalar kek ja da rawaya cikin ƙullun, tana yanka tana rawa, ludayi ya zama abin kiɗa a gefen tukunya. Yaya ta tsaya tana kallo, baki a taɓe. Minti biyar ta iya daurewa.

"Wannan fure ne ko tafin agwagwa? Matsa can, ba ni almakashin."

Ta zare zobba ta zuba a kofi. Yaya na yanka, Auta na soyawa, maigida na shiryawa a zare da allura yana ratayawa a saman ƙofa da tagogi, kowane uku ya cinye ɗaya wai yana duba inganci. Man ya fantsar wa leshi, Yaya ko a jikinta, tana ta faɗan a rage wuta.

Ƙarfe biyu dangi suka cika gida, Goggo a gaba da sandarta. Ta tsaya tsakiyar falo ta shaƙi iska. Ta matsa jikin taga, ta gyara tabarau, ta tsinki ja guda ta kai baki. Falo ya yi tsit, sai ƙurus-ƙurus.

"Sukari ya ji," ta ce, ta tsinki na biyu.

Shi ke nan aka ɓalle. Jikoki na tsalle, surukai masu kunya suna miƙa hannu ta bayan gyale, wani kawu mai tumbi har kan kujera ya hau. Kafin a sauke shinkafa taga biyu sun koma zare zalla.

Da aka ci aka sha, Goggo ta buga sanda.

Yaya ta yi wuf. "Goggo, a dai sani, rabinsu ni na yanka."

"Na sani, naki sun fi kyau. Amma shekara goma sha ɗaya ina zama ƙarƙashin furen robarki, ko taɓawa ba kya bari a yi. Tukunya ta zauna a nan. Ke kuma baɗi ki zo da wuri ki yi yanka."

Auta ta rangaɗa guɗa da bakinta cike da kaza. Yaya ta tashi fuu ta fita, kowa ya ce fushi ne. Sai ga ta ta dawo rungume da murfin tukunyar, wanda ta rantse wa Auta ya ɓace tun shekaru.

"Ungo," ta ce. "A ƙarƙashin kujerar mota na tsince shi. Kuma kar ki kuskura ki goge shi da soson ƙarfe."