Abin da Baba Yake Nufi da Win

Kafin ciwo ya kwantar da shi, Baba mai fassara labarai ne a gidan rediyo. Labari ya zo da Turanci ko da Larabci, shi ke juya shi zuwa Hausa kafin a karanta. Ƙamus abokan aikinsa suke ce masa, don ba a taɓa tambayarsa kalma ya ce bari ya duba ba. Yawancin abin da ke bi ta teburinsa kuwa yaƙi ne da zaɓe da ƙwallo, wane ya ci, wane ya faɗi. Shi ya sa kalmomin nasara da kaye suka cika masa baki, har gida yake zuwa da su.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ba ta yi nisa a boko ba. Tana gama firamare ciwon mahaifiyarsu ya zaunar da ita, bayan rasuwar kuma ba ta koma ba. Yarinya ce mai kunya, ko baƙo ya yi sallama sai ta shige kicin. Amma ita ce abokiyar ludon Baba kowace yamma, kuma ita ke shan karatun da ba ta tambaya ba.

"Bature in ya ci ƙwallo win yake cewa, in ya ci yaƙi ya ce biktiri," in ji Baba, yana girgiza ƙwayar ludo a gwangwani. "Balarabe yana da fauzu, yana da nasru. Fauzu tsira ce, nasru kuwa sai an taimake ka. Kaye kuma hazima yake ce masa, wato an fasa ka. Mu da komai sai ya bi ta ciki, nasara ci muke yi, kaye kuma mu sha."

"Baba, jefa mana, shayinka yana hucewa."

Yana da wata ɗabi'a da ke ƙular da ita. In ya ci wasa, sai ya buga tafin hannu a kan allon ya ce, "Win!" ya naɗe allo ya tura ƙarƙashin kujera. Ko kuka za ta yi ba zai ƙara ba, an tashi ke nan. In kuwa ita ta cinye shi, sai ya ɓata rai ya ce, "Hazima! Sake jerawa."

Wata safiya ta same shi a ƙasa kusa da banɗaki, baki ya karkace, ɓarin dama ya shanye. Ya tashi daga ciwon, amma maganarsa ba ta tashi tare da shi ba. Yana gane duk abin da aka faɗa masa, idonsa ya nuna haka, sai dai mutumin da ake kira Ƙamus kalma biyu kawai suka rage masa a baki: win da hazima. Kansa kuma ya kama rawa ba tsayawa, ba a gane ɗaga kai daga girgiza kai.

Auta ce mai jinya, don haka ita ta fara ganewa. In ta kawo ƙwayar maganin nan mai ɗaci, sai ya ce, "Win," ya damƙe baki. In ta ba shi shayi a cokali ta tsaya, sai ya ce, "Hazima," ya buɗe baki yana jira. Maganar ludo ce ta zauna masa. Win na nufin ya isa, ba na so, a tashi. Hazima na nufin ƙaro, na yarda.

Ta so ta gaya wa Yaya, babban wansu, wanda ke aikin ofis kuma ba ya zuwa sai ranar hutu. Ranar da ya zo ya tsuguna gaban Baba ya ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki? Da sauƙi ko?"

"Win," in ji Baba.

"Kin ji ko! Tsoho ya ce win. Ai Baba ba ya faɗuwa."

"Yaya, ai in ya ce haka..."

"Ke, Turanci ne, bar shi. Kawo min ruwa."

Ta kawo ruwan, ta haɗiye sauran maganar.

Baba yana da ciwon suga tun da daɗewa. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a babban yatsan ƙafar hagu, ƙafar da ta rage mai rai. Auta ta wanke, ta sa magani, ta naɗe da bandeji, amma kullum ta kwance sai ta ga baƙin da yatsan ya yi ya ƙara hawa. Wari ya kama ɗakin, ya kama labule, ya kama hannunta, har abinci ta daina ci a ciki. Da zazzaɓi ya fara kaɗa shi, Yaya ya zo da mota suka kai shi asibiti.

Aka ba shi gado a ɗakin maza, kusa da wani tsohon direba da aka rataye wa ƙafa da ƙarfe. Direban nan baki gare shi kamar rediyo.

"'Yata, tsohon naki da wa yake kokawa ne? Tun ɗazu sai win nake ji. Ni dai da na kara da tirela, ita ta yi win."

Auta ta yi murmushin dole, ta ci gaba da goge wa Baba goshi.

Likita ta zo da hantsi, mace ce mai sanyin murya. Ta kwance bandejin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja labule ta zagaye gadon. Ba ta yi ɓoye-ɓoye ba. Ta ce ƙafar ta mutu har sama da idon sawu, kuma gubar ta fara shiga jini. In aka yanke daga ƙasan gwiwa, ana sa ran zai tashi. In aka bari, kwanaki ne.

"A yanke," in ji Yaya.

"Ba kai za a yanke wa ba," ta ce a hankali. "Baba yana cikin hankalinsa, daga bakinsa nake so in ji." Ta sunkuya daidai fuskarsa. "Baba, ka ji bayanina. Ka yarda mu yi aikin?"

Baba ya kalli ƙafar. Ita ce ƙafar da yake dogara da ita in Auta ta ɗaga shi, ita kaɗai ke kai shi bakin taga. Auta ta tuna ranar da suka je duba wani abokinsa da aka yanke wa ƙafa, yadda da suka iso ƙofar gida Baba ya ce shi dai yadda ya zo haka yake so ya koma.

"Win," in ji Baba.

"Alhamdulillahi!" Yaya ya kama hannunsa. "Ya ce za mu ci nasara. Likita, haka yake magana tun da ya kwanta. Ya yarda."

"Win," Baba ya sake faɗa da ƙarfi, jijiyar wuyansa ta tashi. "Win. Win."

Likita ta miƙe tsaye. Ta juyo ta dubi Auta, wadda ta raɓe jikin labule da roba a hannu.

"Ƙanwata, ke ce kike kwana kike tashi da shi. Me yake cewa?"

Hannun Baba na hagu ya lalubo ya kama wuyan hannunta. Ya riƙe ta riƙon da bai taɓa yi ba. Idonsa na kanta, cike da natsuwar wanda ya san an zo wurin mai jin yarensa. Kalma ɗaya za ta faɗa a mayar da bandeji, a mayar da shi gida, ta zauna ta kalli baƙin nan yana hawa har ya gama da shi. Ta riga ta yi irin wannan zaman sau ɗaya a gaban gadon mahaifiyarta. Ta san ƙarar da ɗaki yake yi in numfashi ya tsaya.

Ta sunkuyar da kai, ta kalli tayil.

"Ya yarda," ta ce.

Yatsun Baba suka saki hannunta ɗaya bayan ɗaya. Aka zo da gadon turawa aka wuce da shi ɗakin tiyata.

Aiki ya yi kyau. Zazzaɓi ya sauka, warin ya tafi, launin fuskarsa ya dawo. Bargo ya kwanta shafe a inda ƙafar take a da. Yaya ya tsaya a baranda yana ta buga waya, yana gaya wa dangi an yi nasara.

Da aka ce a fara ba shi abin ruwa, Auta ta haɗa shayi yadda yake so, madara da yawa ba suga, ta fifita shi a cokali.

"Baba, ga shayi."

"Win."

"Kaɗan dai, Baba. Tun jiya ba abin da ya shiga cikinka."

"Win." Ya juya fuska wajen bango.

Wata nas da ke wucewa ta karɓi kofin. "Kawo nan, tsofaffi sai da lallashi. Baba, ha." Ya buɗe baki ya sha. Da ta tsaya, ya ce, "Hazima," ta yi dariya ta ce ba wata hazima, ta ƙara masa har ya shanye. Auta na tsaye tana kallo, hannunta wayam.

Haka abin ya zauna. Ya ci a hannun nas, ya ci a hannun Yaya, ya ci a hannun matar Yaya da ba ta ma san yadda ake tallafe masa kai ba. Auta kuwa ko ruwa ta miƙa, amsa ɗaya ce. In ta zo juya shi ko canza masa zane, ba ya hana ta, don ba shi da ƙarfin hanawa. Sai dai ya rufe ido har ta gama.

Ranar da za a sallame su, tsofaffin abokan aikinsa suka zo a ƙungiya, suka cika gefen gadon da hayaniya.

"Ƙamus! Ka ba mu tsoro, wallahi."

"Wannan a labarai me za mu kira shi? Fauzu ko nasru?"

"Nasru mana, tun da da taimakon likita. Shi ya koya mana."

Yaya ya jawo Auta daga bayan labule. "Ga wadda ta yi ƙoƙarin nan. Zo ki gyara masa filo, Auta, a ɗauke ku hoto."

Ta matsa, ta sa hannu ƙarƙashin kansa. Baba ya buɗe ido ya dube ta.

"Win," ya ce. "Win. Win."

Ɗakin ya kaure da tafi da dariya. Wani ya ce a rubuta wannan a karanta a labaran yamma. Tsohon direba ne kaɗai bai tafa ba. Ya kalli Baba, ya kalli Auta, ya ja bargonsa.

Da suka koma gida, ta share ɗakin, ta shimfiɗa sabon zanen gado, Yaya ya ɗaga Baba daga keken guragu ya kwantar da shi ya tafi. Gidan ya yi tsit. Da yamma ta yi, Auta ta durƙusa ta jawo allon ludo daga ƙarƙashin kujera, ta kakkaɓe ƙurar, ta ɗora a kan bargo daidai wurin da ƙafar take a da. Ta jera 'ya'yan, nasa ja, nata kore, kamar kullum. Ta sa ƙwayar a gwangwani ta ajiye kusa da hannunsa na hagu.

"Baba, kai za ka fara."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ɗaga hannun a hankali, ya kifa tafinsa a kai, ya tura. 'Ya'yan ludo suka zube a ƙasa suna gangarawa ƙarƙashin gado.

Auta ta durƙusa tana tsince su. Da ta gama ta wanke hannu, ta tafi kicin ta ɗora ruwan shayi.