Kwalabe Goma Sha Biyu na Waseya

Waseya tana kan tsani tana gyara kwalba ta ƙarshe sa'ad da ta ji ƙarar sandar Goggo Bernice a kan daɓen zauren. Saura kaɗan kwalbar ta suɓuce mata.

Kwalabe goma sha biyu ne rataye da zare, kowacce cike da ruwan wani rafi na tsibirin Manitoulin, inda aka haife ta. Ta liƙe bakinsu da kakin zuma, ta saita fitilu a bayansu, hasken yana rawa a bango. Shekara biyu ta yi tana wannan aiki, yau da la'asar za a buɗe shi a wani gidan nunin zane na garin Sudbury. Goggo, wadda ta rene ta, ita aka gayyato ta yi addu'ar buɗewa. Shekara shida rabonsu da juna, tun rasuwar mijin Goggo da Waseya ba ta je ba. Kunya ta hana ta zuwa a shekarar farko, daga nan kuma kunyar ta yi ta ƙaruwa.

"Goggo, sannu da hanya."

"Kin rame," in ji tsohuwar. Ba ta ƙara ba, ta shiga bin kwalaben tana karanta takardun da ke ƙarƙashinsu. Graham, shugaban gidan, yana biye da ita yana murmushi, yana bayanin da ba wanda ya tambaye shi.

"Kin ajiye wa ruwan kyautar taba kafin ki ɗiba, yadda al'adarmu ta ce?" Goggo ta tambayi Waseya.

"A kowane rafi na ajiye, Goggo. Na gaishe shi, na faɗa masa sunana."

"To madalla. Kin faɗa masa kurkuku za ki kai shi?"

Graham ya yi tari. Ya ce ai dokar gidan ce, ba a barin ruwa a buɗe kusa da zane-zane.

"Ɗana, ba da kai nake ba," in ji Goggo. "Ruwan da aka ɗauko ba ya tsayawa, tafiya yake yi har ya koma. Ita ta sani, da bokiti a hannunta ta girma. Ba zan yi addu'a a kan abin da aka toshe wa baki ba."

Sai ta iso kwalba ta tara, ta tsaya. Ta karanta takardar, ta sake karantawa. Rafin bayan gidanta ne, an ɗebo shi a watan Mayu na bara.

"Har bayan ɗakina kika zo."

Waseya ta kasa ɗaga kai. Ta tuna ranar sarai: ta ajiye mota nesa, ta bi ta cikin itatuwa kamar ɓarauniya, tana jin ƙanshin gurasar da Goggo ke soyawa, ta ɗebi ruwanta ta gudu.

"Tsoro na ji."

"Tsoron wa? Tsohuwar da haƙoranta ke kwana a kofi?" in ji Goggo. Ta juya wajen Graham. "Motar ƙarfe huɗu tana nan, ko?"

Ta fita ta zauna a benci a bakin ƙofa, jakarta a cinya. Waseya ta tsaya a tsakiyar zauren tana kallon hasken da ta sha wahalarsa. Yana da kyau, wannan ba musu, har wani babban gidan nuni ya aiko yana so ya ajiye aikin yadda yake. Amma ta san in tsohuwar nan ta hau motar, shi ke nan.

"Mako nawa nunin zai yi?" ta tambayi Graham.

"Goma sha biyu. Me ya sa?"

"Kowace Asabar zan sauke kwalba ɗaya, in fasa kakin, in mayar da ruwan rafinsa. Duk wanda yake so ya raka ni."

"A ƙarshe fa? Zare kawai za mu nuna wa mutane?"

"Zare da kwalabe wayam."

Graham ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana kallon rufi. "Masu son ajiye shi za su fasa," ya ce. Can kuma ya ƙara da cewa, "Amma ki bar mini wuri a motar."

Ta fita ta durƙusa gaban bencin, ta faɗa wa Goggo. Tsohuwar tana ji, tana kallon titi. Baƙi sun fara isowa, suna ratsa su suna shiga.

"Tafiyar awa biyu ce, kin sani."

"Na sani, Goggo."

"In kin zo kuma ta ƙofar gaba za ki shigo, ki ci abinci kamar mutum."

"To."

Goggo ta miƙa mata hannu, Waseya ta tashe ta. Sai da suka kai bakin zauren tsohuwar ta ja ta tsaya, ta ƙirga kwalaben da sandarta ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi.

"Ɗaya-ɗaya fa na ji kin ce. Kada ki kuskura ki haɗo mini biyu rana ɗaya."