Ranar da Malam Ya Fito Fari Fat

Tun ranar da Tambari ya sayi kyamara 'yan ofishinsu suka daina shan shayi cikin kwanciyar hankali. Ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune unguwar Arkilla a Sakkwato da iyalinsa, mutum mai hankali a komai in ban da wannan baƙin akwati da yake yawo da shi a wuya kamar laya. A saman kyamarar akwai wani ɗan maɓalli da ake murzawa. In ka kai shi kan koriyar alama, wato oto, kyamara ce za ta auna haske ta yi komai, naka dannawa kawai. In ka kai shi kan harafin M, wato manuwal, kai ne za ka faɗa mata girman da za ta buɗe ido da daɗewar da za ta yi kafin ta rufe. Tambari ɗan manuwal ne, kuma cikin masu tsanani.

Da yake gidan malamai ya fito, sai ya sa wa abin rigar karatu. Masu oto, in ji shi, 'yan taklidi ne, suna bin abin da aka yanke musu ido rufe. Shi kuwa mujtahidi ne, da iliminsa yake fitar da hukunci. Ya taɓa ritsa wani mai hoto a gidan suna ya yi masa wa'azi har tuwo ya huce. Hotunansa, a faɗi gaskiya, wasu sukan yi kyau ƙwarai, wasu kuma ka rantse a cikin rijiya aka ɗauke su. Irin waɗannan yakan goge su tun kafin kowa ya leƙo.

Abin da bai taɓa faɗa wa 'yan ofis ba shi ne dalilin sayen. Innarsa ta rasu yana saurayi, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don mahaifinsa Malam Sa'ad bai yarda da hoto a gidansa ba. Shekaru suka yi ta tafiya, wata safiya Tambari ya nemi fuskarta a ransa ya rasa. Yana tuna muryarta, yana tuna ƙamshin man shanu a hannunta, fuskar kuwa ta tafi. Abin ya tsorata shi ƙwarai. Ga Malam ya tsufa, yana dogara sanda, kuma hotonsa kaɗai a duniya shi ne na katin shaida, inda ya fito kamar an dangwala babban yatsa a tawada. Tambari ya ƙudura a ransa ba zai bari fuska ta biyu ta kuɓuce masa ba.

Sai dai Malam ba mutumin da ake ɗaga wa waya ba ne. A zaurensa na Ƙofar Marke yake ba da karatu, kuma duk wanda ya yi gigin ɗago waya, Malam zai ja bakin rawani ya rufe fuska, ya bar ido ɗaya a waje yana kallonsa har sai ya ji inama ƙasa ta tsage. Mutum ɗaya ce ke iya tanƙwara shi, yayar Tambari, Sadiyatu, da ke aure Ƙofar Dundaye. Ita ce 'yar fari, saboda haka Malam bai taɓa kama sunanta ba, "waccan" yake ce mata, amma abin da waccan ta sa gaba sai ta ga ƙarshensa. Ta yi ta zarya da kwanon fura har tsohon ya gaji.

"Guda ɗai," in ji Malam. "In na ƙare karatu. Kuma kak ku sake yi min zancen ga."

Da ta kai wa Tambari labari sai ta haɗa da gargaɗi. "Don Allah ka sa shi ga koren nan. Dama guda ta anka ba mu."

"Yaya, ki bar ni da sana'ata."

"Sana'akka aikin ohis ta," in ji ta.

Ranar da aka sa, Tambari ya iso tun da hantsi ya raɓe a kusurwar zaure. Zauren na ƙasa ne, irin na da, mai kauri da sanyi da duhu, hasken da ke shiga ta ƙofa bai kai inda buzun Malam yake ba. Tambari ya ji daɗi, ga wurin da ake gane mai ilimi. Ana karatu yana murje-murje. Ya buɗe idon kyamara iyakar buɗewarsa, ya ƙara mata daɗewa, ya auna bango, ya auna tarin littattafai, ya auna ƙeyar Alhaji Dodo, wani ɗan kasuwar yadi da ya tsufa a gaban Malam yana karatun littafi ɗaya. Kafin rana ta take ya gama shiri tsaf. Malam zai rufe littafi, ya ɗago kai a kan buzunsa, shi kuma ya danna.

Malam ya rufe littafi daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Sai kawai ya lalubi sandarsa ya miƙe.

"Baba, hoton," in ji Tambari.

"Karatu ya ƙare. In kana ɗauka, ɗauki. Ba ni zama jiran akwati ana kiran salla."

Ya nufi ƙofa, kuma tsohon da ake tausaya wa a kan sanda ashe in salla ce yana da sauri. Tambari ya tsallake takalman mutane ya riga shi fita, ya juyo, ya durƙusa. Ranar Sakkwato ta azahar tana tsaye a kan kowa, Malam kuwa ya fito cikin farar riga da farin rawani. Wani abu a ƙasan ran Tambari ya ce masa ya murza zuwa kore. Girman kai ya ce a'a, lokaci kuma ya ce babu. Ya danna.

"Guda nic ce," in ji Malam da ya ji ƙarar, ya wuce abinsa.

Tambari ya duba allon kyamara. Idon da ya wangale don duhun zaure ya kwashi rana iya cikinsa. Babu fuska, babu rawani, babu ko hanci. Wani farin haske ne fat tsaye a bakin zaure, ƙasansa takalmi biyu, gefensa sanda. Ya kai yatsa zai goge ke nan sai ya ji numfashi a kafaɗarsa.

"La'ilaha illallahu," in ji Alhaji Dodo a hankali. "Haske. Na daɗe ina hwaɗi, mutane ba su ji. Tambari, akwatin ga ya ga abin da idonmu ba shi gani."

Nan ne ya kamata Tambari ya buɗe baki ya ce kuskurensa ne. Amma dattawa sun kewaye shi, cikinsu har da waɗanda ya taɓa yi wa wa'azin manuwal. Sai kawai ya ce, "Allah shi ne masani." Alhaji Dodo ya zaro waya ya ɗauki hoton allon kyamarar, ya ma manta da salla sai da aka ja shi.

Kafin mako ya zagayo hoton ya gama gari. Daga waya zuwa waya ya bi Ƙofar Marke, ya shiga kasuwa, ya dawo Arkilla ya sami Tambari a ofis, wani abokin aikinsa na nuna masa yana tambaya ko ya san waliyyin nan. Alhaji Dodo ya wanke babba ya rataye a shagonsa sama da atamfofi. Wani mai keke Napep ya manna shi a gilashi. Zauren da a da sai masu littafi ke shiga ya cika da masu gorar ruwa suna neman tofi, har da wata mata da ta zo da akuyarta mai tari. Labarin ma ya yi ƙiba a hanya, aka ce kyamarar ta yi zafi a hannun mai ita, aka ce ya suma.

Tambari ya zama abin nunawa, ana ba shi hannu biyu a masallaci. Da ya so da ya ji daɗi. Amma in ya koma gida ya buɗe hoton, takalmi da sanda kawai yake gani, sai baƙin ciki ya tokare shi. Dama ɗaya aka ba shi ya kashe ta a kan burga. Sadiyatu kuwa ba ta ko yi masa faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta kira shi a waya ta ce, "Ina gaisuwa, mujtahidi. An ce ka suma, ya jiki?"

Wata safiya aka aiko Malam na kiransa. Ya tarar an sallami kowa, tsohon na zaune a kan buzu, babban hoton shagon Alhaji Dodo a jingine gabansa. Tambari ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Wanga ni na?" in ji Malam.

"Kai na, Baba."

"To ina hancina?"

Tambari ya dubi hoton ya sunkuyar da kai.

"Jiya an kawo min akuya," in ji Malam. "Shekaru ina karantarwa ba wanda yat taɓa kawo min akuya in yi mata tohi. Ni na san kaina, ko gwiwata ban iya warkarwa. Hwaɗa min gaskiya, karama ta ko rashin iyawa?"

"Rashin iyawa na, Baba. Na shirya ma duhun zaure, kai kuma kah hita rana."

"To mi yah hana ka hwaɗi?"

"Kunya."

"Madalla. Kai ka ji kunya, ni an bar ni da akuya." Ya ture hoton da ƙafa. "Wai ni mi kaka biɗa ga huskata haka? Tsoho na, ka san ni."

Tambari bai yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. "Na san Inna ma. Yanzu in na ruhe ido ba ni ganin huskatta. Ta ɓace min, Baba. Ina tsoron taka ta bi ta."

Malam ya daɗe yana kallon ƙofar cikin gida, yana murza carbi ba tare da ya ja ba. Can ya gyara rawani, ya sauke bakinsa ƙasa da haɓa.

"Ɗauki. Ka ba Dodo shi aika duk inda yak kai wancan, mutane su ga ni mutum na."

Tambari ya ɗago kyamara. Maɓallin na nan kan M inda ya bar shi. Ya dube shi, ya dubi tsohon, sai ya murza shi a hankali har kan kore, yana fatan ba a gani ba. An gani.

"Waccan ta ce min kore na 'yan taklidi na," in ji Malam.

"Haka na, Baba."

"To bi. Wanda bai kai ijtihadi ba, taklidi wajibi na gare shi."

Tambari ya danna. Abin da ya manta shi ne, kyamara in aka bar mata hukunci a cikin duhu, fitila take kunnawa. Wani ɗan murfi ya ɓalle a samanta, haske ya wanke zauren kamar walƙiya. Malam ya zabura. "Kai, makantar da ni za ka yi?"

Tambari ya duba allo. Ga shi nan ɗungurungum, gira a sama, baki a buɗe, yatsa a miƙe, haƙorin nan guda da ya saura a gefe yana leƙowa. Ba fuskar da ake ratayewa a shago ba ce. Ita ce dai fuskar da ta tashe shi sallar asuba duk yarintarsa, kuma bai san lokacin da idonsa ya cika ba. Ya miƙa wa Malam. Tsohon ya kai ta kusa da ido, ya yi tsaki.

"Wanga ko akuya ba ta neman tohinai. Ya yi." Ya mayar masa. Har Tambari ya kai bakin ƙofa sai ya ji muryar a bayansa, ƙasa-ƙasa, kamar ba da shi ake ba. "Batun uwarka. Tahi ka dubi waccan in tana dariya."

Bai koma ofis ba. Ya tari keke zuwa Ƙofar Dundaye, ya yi sallama, ya tarar da Sadiyatu a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai.

"Mujtahidi, lahiya da rana haka?"

Ya miƙa mata allon kyamarar. Ta duba, ta ƙara dubawa, sai faifan ya zame daga cinyarta. Dariya ta kama ta irin wadda ba ta da sauti tukuna, kai ya koma baya, hannu ɗaya a ƙirji, idanu sun ƙanƙance har sun ɓace, kumatun hagu ya lotsa. Tambari ya karɓe kyamarar, bai duba maɓalli ba, bai auna komai ba, ya danna.

Ya juya allon ya duba, sai ya nemi bakin turmi ya zauna.

"Mi ya hwaru?" in ji Sadiyatu tana share hawayen dariya. "Ni ma na hito hwari?"

"A'a," in ji Tambari, idonsa na kan allon. "Inna ta."