Gada Tana Jiran Amincewa

Katakon ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafar Baba, irin ƙarar tsohuwar ƙofa. Ya tsaya cak a tsakiyar gadar, ledar zare a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. A ƙasa baƙin ruwan magudana yana tafiya a hankali, yana jan robobi da tsummoki. 'Yarsa tana bayansa da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta jira har ya ɗaga ƙafa ya tsallake wurin.

"Ni da wannan katakon mun daɗe tare," in ji Baba, ko waiwayowa bai yi ba. "Gaisawa muka yi, Uwata."

Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta danna babban yatsanta a jikin katakon, yatsan ya nutse kamar a cikin jiƙaƙƙen burodi. Ta ɗauki hoto da wayarta, ta leƙa ƙasa ta ɗauki na ginshiƙan.

Baba tela ne. Shagonsa yana tsallaken magudanar, gidansu yana wannan ɓangaren. In ba ta gadar ba, sai dai a zagaya ta babban titi, tafiyar da gwiwarsa ta daina iyawa. Idonsa ya fara hazo, amma hannunsa bai manta wuyan riga ba, kuma tunda mahaifiyarta ta rasu, shagon nan shi ne dalilin da yake sa shi tashi da safe.

Ranar ta isa ofis da ƙwarin gwiwa. A hukumar ayyuka ta garin take aiki, kuma sabuwar manhajar karɓar buƙatun ayyuka ita ta tsara ta da hannunta. Ta shigar da buƙatar gyaran gada, ta haɗa hotunan, ta sa mata alamar gaggawa. A kan allo, akwatin jami'in farko da zai amince ya kama launin rawaya, alamar ana jira.

* * *

A ofis Malamar Na'ura ake ce mata. Da aka ɗora mata aikin, tsari gajere ta zana: jami'in dubawa ya je ya ga wurin, injiniya ya faɗi abin da ake buƙata, Darakta ya amince. Ranar da ta nuna zanen a ɗakin taro, shugaban sashen motoci ya cire tabarau ya tambaya ko shi an sallame shi ne bai sani ba, tunda bai ga sunansa ba. Shugabar sashen ma'aikata ta ce ita ba ta son rigima, amma ta riga injiniya zuwa gidan nan. Mai kula da sito kuwa ya daina amsa gaisuwarta har ta ba shi nasa akwatin. Kafin a tashi taro na ƙarshe, zanen ya yi tsawon da sai an ja shi ƙasa kafin a ga ƙarshensa. Kowa ya samu akwati, kowa ya fita yana murmushi.

Ta lallashi kanta da cewa ko akwatunan sun yi yawa, danna maɓalli ba noma ba ne. Abin da ba ta lissafa ba shi ne yadda gidan ya saba tafiya. A da, fayil wurin Darakta yake fara zuwa. Ya yi ɗan zane da alƙalami a gefe, fayil ya sauko, kowa ya dubi zanen ya gane inda ran Yallaɓai ya karkata, sannan ya sa hannu daidai da hakan. Manhajarta kuwa daga ƙasa take farawa. Darakta ba ya ganin buƙata sai ƙananan sun amince, ƙananan kuma ba su taɓa amincewa da komai ba tun da aka ɗauke su aiki sai sun ga hannun Darakta.

Mako ya wuce, wani ya biyo shi, akwatin yana nan rawaya.

* * *

Jami'in dubawa dattijo ne mai fara'a, ana kiransa Bari-mu-gani, shi ma yana amsawa. Ta same shi ya lulluɓe kwamfutarsa da tawul saboda ƙura, yana shan shayi a kan madannin. Ya ce ya je ya ga gadar da idonsa, ta ruɓe, babu musu. Ya ma ƙara da cewa shi ko da kyauta ba zai hau ta ba.

"To danna kore mana ka amince, Malam. Maɓalli ɗaya ne."

"'Yata, Yallaɓai ya gani?"

Ta bayyana masa cewa Yallaɓai ba zai gani ba sai shi ya danna. Ya gyaɗa kai kamar mai jin tausayinta. Ya ce fansho ya kusa, kuma na'urar nan tata tana rubuta sunan wanda ya fara danna komai, da rana da lokaci. In gobe aka ce wa ya kawo wannan aiki, sunansa ne a sama, gaban na Yallaɓai. Shi bai taɓa shiga gaban babba ba, ba zai fara da furfura ba.

"Bari mu gani," ya ce, ya gyara tawul.

Ta hau bene. Sakatariya ta zaunar da ita har ƙafarta ta yi sanyi, sannan aka ce ta shiga. Darakta ya karɓe ta da murna, ya juyo mata da allon kwamfutarsa: fes, babu buƙata ko ɗaya da ke jiransa. Ya ce ko jiya ya nuna wa baƙi, ya gaya musu tunda aka kawo manhaja babu aikin da yake kwana a teburinsa. Ta gaya masa dalilin da ya sa teburin yake fes. Ta roƙe shi ya ɗaga waya ya ce wa dattijon ya danna.

Murmushin ya ragu. Ya tuna mata cewa ita ce ta tsaya a ɗakin taro ta ce daga yau babu umarnin baki, babu ɗan zane a gefen takarda, komai ta cikin tsari. In ya kira, gobe a ce Darakta yana matsa wa jami'ai lamba.

"Ki ce masa ya yi aikinsa. In ta iso, ba za ta kwana ba."

Ta sauko da saƙon. Bari-mu-gani ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya a hankali ko Yallaɓai cewa ya yi a danna kore, ko cewa ya yi a yi aiki. Domin danna ja, a ƙi amincewa, shi ma aiki ne.

Ta koma teburinta. Abu mai sauƙi ne: ta juya tsarin, akwatin Darakta ya koma farko. Ta buɗe shafin gyara, ta ja akwatin sama, ta danna ajiye. Saƙo ya fito cewa duk wani canji ga tsarin amincewa sai ya bi ta tsarin amincewa. Ita ta rubuta wannan doka, don kada wani ya saci hanya ya tsallake da aikin ɗan'uwansa, kuma a lokacin har yaba mata aka yi. Buƙatar canjin ta tafi ta zauna a akwatin farko, kusa da ta gadar.

* * *

A gida ta ce wa Baba ya dakata da zuwa shago. Ya dube ta ta saman tabarau ya tambaya ko ita za ta ƙarasa ɗinkin mutane. Ta ce za ta rubuta wa na sama da Darakta, ta faɗi komai, in za a kore ta a kore ta.

Ya ajiye almakashi. Ya ce shi duk tsawon zamansa a gaban wanda ya koya masa ɗinki bai taɓa yanka yadi ba sai an ce yanka, kuma ga shi bai taɓe ba. Manya suna da dalilinsu. Yarinyar da ta samu aiki irin nata ba ta ɗaga murya.

"Ki bi a hankali, Uwata. Kada a ce ban ba ki tarbiyya ba."

Ba ta rubuta ba. Ta nemo kafintan layinsu ya buga sababbin katakai a sama. Da ya gama ya ce mata ya rufe wa gadar asiri ne kawai, ƙusa ba ta samu abin kamawa a ƙasa ba.

* * *

An kwana ana ruwa. Da safe gari ya waye fes, mutane suka fito lokaci guda. Ginshiƙin tsakiyar gadar ya karye, ya tafi da Baba da wata mai sayar da kayan miya da wani ma'aikacin gidan mai. Su biyun sun fito da ƙafafunsu. Baba ɗauko shi aka yi, ƙashin ƙugunsa ya karye, ledar zaren tana hannunsa bai sake ta ba.

Tana asibiti wayarta ta fara motsi a aljihu, ta yi shiru, ta sake motsi. Daga baya sakatariya ta ba ta labari. Hoton gadar ya zagaya wayoyin gari har ya iso wa Darakta. Ya fito bakin bene yana tambaya da ƙarfi ina buƙatar gadar nan ta maƙale, me ya sa ba a amince ba. Duk gidan ya ji. Bari-mu-gani ya yaye tawul. Kafin a tafi cin abincin rana, akwatuna sun koma kore ɗaya bayan ɗaya, har da na sashen motoci da na sito.

Sai akwatin mai binciken ƙa'ida, wanda yake dab da na Darakta. Ya danna ja, ya rubuta dalili a taƙaice: buƙatar ta gyaran gada ce, kuma a halin yanzu babu gadar da za a gyara. A shigar da buƙatar sabon gini.

Ta shigar da ita daga kan bencin asibiti. Da ta koma aiki ta tarar da dattijon ya tanadar mata gaisuwa mai tsawo, har da ƙwalla, domin shi ma Baba ya taɓa ɗinka masa kaya. Da ta ambaci sabuwar buƙatar, ya sunkuyar da kai. Ya ce abin da ya ji da kunnensa, a kan gyara Yallaɓai ya yi magana. Sabon gini kuwa babban al'amari ne, bai ji ta bakinsa ba tukuna.

* * *

Likita ya ce Baba zai zauna, zai ma iya tsayawa da taimako, amma taka keken ɗinki ya ƙare. Duk da haka ya sa aka ɗauko keken daga shago. A kan kura aka zagayo da shi ta babban titi, aka ajiye shi a ƙarshen gadon, inda zai riƙa ganinsa. Zaren da ya bari a allura yana nan, shuɗi, da guntun hannun riga a ƙarƙashinsa.

Da yamma tana goge masa ƙafa da ruwan ɗumi, wayar ta yi motsi a kan keken. Saƙon tunatarwa ne, wanda ta tsara manhajar ta riƙa aikawa da kanta, da kalmomin da ta zaɓa don kada su yi kaushi: buƙatarki tana jiran amincewa, mun gode da haƙurinki.

Baba ya buɗe ido ya tambaya ko wane ne.

"Ofis ne, Baba."

"To ki amsa mana," ya ce, yana lalubar bargo. "Kada ki bar manya suna jiran ki."

Ta kife wayar a kan guntun hannun rigar, ta matse tsumman, ta kama ɗayar ƙafar.