Ranar da Dunoma Ya Ƙwace Lasifika

Shekarar da gyaɗa ta mutu, Dunoma ya mai da sitonsa na Ɓaɓura gidan majigi. Ranar kasuwa sai a toshe tagogi da buhuna, bayan azahar a haska fim biyu, na Indiya mai waƙa da na Canis mai duka. Lauwali, amininsa tun yarinta, shi ke fassara a lasifika, ko da yake ba ya jin Indiyanci balle Canisanci.

Da dillalin Kano mai ba su hayar finafinan ya aiko a mayar masa da fim ɗaya, a riƙe wanda jama'a suka fi so, sai Dunoma ya tsiri zargi. Shi na Canis ya fi so, amma kullum na Indiya ake yi wa tafi, har Fulanin Gwiwa su manta da shanun da suka kawo kasuwa. Dunoma kuwa mutum ne da ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya laluba aljihunsa.

"Lauwali, ka faɗa mini gaskiya. Dillalin nan ya gan ka a ɓoye ko? In Indiya ce bakinka har rawa yake, in Canis ce sai ka ce jana'iza."

"Haba Dunoma! Me zan fassara a naushi?"

"Yau zan gani. Kawo lasifikar."

Maganar ta yi wa Lauwali ciwo ƙwarai. Ya miƙa masa, ya fita bai waiwayo ba.

Aka haska na Canis ba fassara. Mutane suka yi jugum, wasu suka zame. Aka sa na Indiya, shi ma ba fassara, Dunoma na leƙen fuskoki yana jira ya kama ƙarya. Da jarumar ta fashe da kuka, wani dattijo, Kawu Halliru, ya ɗaga sandarsa.

"Malam, wannan ai ba fim ɗinmu ba ne. Ina wadda aka sace wa saniya a Roni?"

"Wace saniya, Baba? Babu saniya a fim ɗin nan."

"To ka ɓata shi," in ji Kawu, ya miƙe, sauran suka bi shi.

Dunoma ya fito da lasifikar a hannu, kunya ta rufe shi. Ya tarar da 'yan kallonsa kaf a rumfar mai shayi sun kewaye Lauwali, yana ƙarasa musu labarin saniyar. Dunoma ya miƙa masa lasifikar.

"Riƙe abarka," in ji Lauwali. "Nan suna ji na."