Kujerar Baffa Maccido

Wakilan neman auren Lukman sun isa Goronyo bayan La'asar a cikin a-kori-kurar albasa, alhali tun hantsi aka yi musu shimfiɗa. Motar da ya kamata ta kai su tana gefen hanya, gaba da Wurno, tayarta ta baya ta dama a yage.

Ranar Asabar ce, lokacin cirar albasa. Lukman ma'aikaci ne a wani ofishi a Sakkwato, jikan malamai ne a Wurno, kuma yana son Ikilima, 'yar Alhaji Yusha'u, babban manomin albasa a Goronyo. Alhajin bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Cewa ya yi a turo manya ya gansu. A al'ada mai neman aure ba ya bin wakilansa. Lukman ya nace shi zai tuƙa su, wai don kada manya su wahala. Gaskiyar ita ce yana so unguwar su Ikilima ta ga motarsa.

Baƙar mota ce 'yar Kwatano, lafiyarta ƙalau kafin ya fara gyara ta. Ya sa an yanke mata sifirin don ta kwanta ƙasa kamar waɗanda yake gani a waya. Ya cire ƙafafunta na asali ya yi musaya da wasu masu faɗi da ƙyalli. A titin Sakkwato ta yi kyau. Sai dai hanyar Goronyo ba a waya take ba.

Ƙarar ta fara ne ranar da ya ɗauko 'yan uwa daga wurin suna. Da mota ta faɗa rami sai a ji ƙuuu daga baya, kamar ana jan buhu a kan siminti. Wani bakanike ya ce shokozoba ce, aka canza. Wani ya ce boris ne, aka canza. Kowannensu ya zagaya da motar babu kowa a baya, bai ji komai ba, ya ce ta warke.

Lukman ne ya gano abin da kansa, kuma ya kamata a yaba masa a kan wannan. Ya je Magarya wurin Haliru, ɗan gwaggonsa, ya goga alli a gefen kowace taya da bakin madigadi. Ya murɗa sitiyari iyaka hagu da dama, allin gaba bai taɓu ba. Sannan suka ɗora buhunan gero a kujerar baya, suka bi ta kan kwalbati. Da suka sauka, allin tayar baya ta dama ya share a zagaye, baƙin roba ya manne a bakin ƙarfen. Sababbin ƙafafun sun leƙo waje, motar ta yi ƙasa, kuma sifirin ɗin dama an yanke shi fiye da ɗan uwansa. Da nauyi ya sauka a wannan kusurwa, ƙarfe yake cin taya.

Mode, mai gyaran jikin mota a Wurno, ya shafa wurin da yatsa.

"In buge bakin ciki, shi ke nan. Amma fenti zai tsage, kada ka ce ban hwaɗa ma ba."

"Ba wata dabara?"

"Ka maido tsohhin ƙahwahunka."

Tsofaffin suna jikin motar wani. Lukman ya daɗe yana kallon fentin. Ya ga fuskarsa a ciki. Ya yanke shawarar cewa matsalar ba ta mota ba ce, ta tsarin zama ce: zai sa Baffa a gaba.

Baffa Maccido, yayan mahaifinsa kuma waliyyinsa, yana zaune a Rabah tun da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma. Mutum ne da Allah Ya yi wa jiki. Duk tsawon aikinsa a kujerar baya ta dama yake zama, gefen direba kuwa na masinja ne. Lukman ya san haka. Ya dai ɗauka ritaya tana canza mutum.

Da safe ya buɗe masa ƙofar gaba, ya rusuna.

"Baffa, nan ya hi iska."

Baffa ya dubi ƙofar, ya dubi Lukman.

"Mi na yi maka?"

"Ba komi, Baffa."

"To rufe." Ya zagaya ya buɗe ta baya da kansa, ya tattara babbar rigarsa ya zauna. Motar ta durƙusa. "Wagga kuma mi ya same ta? Ruku'u takai?"

"Haka anka ƙera ta."

"Allah shi shirya wanda yaƙ ƙera ta."

A Wurno suka ɗauki Malam Iliyasu, limamin unguwa, don ba a zuwa irin wannan tafiya babu mai addu'a. Malami ba ya zama gaba ya juya wa Baffa ƙeya, yaro kuma ba ya zama kafaɗa da kafaɗa da manya. Saboda haka Haliru, da aka ɗauko don riƙon goro, wanda iska ma za ta iya ɗauka, shi ya samu kujerar gaba. Komai ya tafi bisa ladabi.

Suna barin gari ƙarar ta tashi. Lukman ya rage gudu har masu babur suna wuce su suna waiwaye.

"Mi ka kuka ƙarƙashina?" in ji Baffa.

"Hanya ce, Baffa."

"Hanyar nan ni na san ta tun ba ta da kwalta. Ba ta taɓa yi min kuka ba. Taka mota, mutane na jiranmu. Ko jaki kas sawo?"

Jumla ɗaya ce ta rage masa, wato ya ce wa Baffa ya matso tsakiya. Ya juya ta a baki ta kowace fuska, bai samu fuskar da ɗa zai iya faɗa wa uba ba. Ya taka mota.

Warin roba ya fara shigowa. Malam Iliyasu ya daina jan carbi ya shinshina. Suka hau wani kwalbati, motar ta sauka da ƙarfi, aka ji tas. Ta ja dama, ta gangara cikin yashi, ta tsaya. Babu wanda ya ji ciwo.

"Hiddo safaya," in ji Baffa.

Lukman ya buɗe but. Inda safaya take zama, akwatin sifika ne, babba, mai fitila shuɗiya. Baffa ya dube shi. Ya zagayo wurin tayar, ya sunkuya gwargwadon iko. Akwai sauran fari a bakin ƙarfen.

"Wanga alli na mi ne?"

Haliru mutum ne mai son zumunci, kuma ya ga ɗan uwansa cikin matsi.

"Wallahi Baffa kada ka ga laihinai. Ya yi ƙoƙari. Har gero munka aza wurin zamanka munka gwada."

"Wurin zamana."

"E, don mu ga ko za ta ɗauka."

"Buhu nawa?"

"Haliru," in ji Lukman.

"Da kai nike magana? Buhu nawa, Haliru?"

"Biyu." Tsoron Allah ya kama shi. "Da rabi."

Malam Iliyasu ya juya yana nazarin wata gonar albasa da ke nesa.

Sun daɗe a rana kafin wata a-kori-kura da ta sauke kaya tana komawa Goronyo ta tsaya. Direban ya share kujerar gaba da hularsa, ya ce Baffa ya shigo. Baffa ya nuna wa Malam kujerar.

"Shiga, Malam. Buhu baya aka aza shi."

Aka roƙe shi. Lukman ya durƙusa a kan kwalta. Baffa ya taka taya ya hau baya, ya zauna a kan tarin buhunan da babu komai cikinsu, ya gyara hularsa. Haliru ya miƙa masa ƙullin goro da alewa, shi ma ya hau. Aka bar Lukman ya tsare motarsa, tun da ita ce abin tsarewa.

Haka unguwar su Ikilima ta ga waliyyin mai neman 'yarsu: yana saukowa daga bayan mota, ɓawon albasa a jikin rigarsa, matasa biyu suna tallafe shi. An shiga zaure. Haliru, da aka bari a waje, ya ce ya ji an yi addu'a, ya ji an yi dariya sau ɗaya, bai san ta mene ce ba. Baffa ya koma Rabah a motar haya, ya biya kujerar baya gaba ɗaya. Da mahaifiyar Lukman ta kira shi, cewa ya yi ya isar da saƙo, sauran kuma a tambayi masu 'ya. Malam Iliyasu ya ce abin da aka faɗa a zaure amana ne.

Gidan Alhaji Yusha'u sun karɓi goron. Har yanzu ba su raba wa dangi ba, ba su kuma dawo da shi ba.