Ranar da Korbinian Ya Buɗe Ganga

Tun ina budurwa nake ɗaukar kofunan giya a bikin kaka na ƙauyenmu, har kafaɗata ta hagu ta karkace. Na ga faɗa iri-iri a rumfar bikin nan, amma ban taɓa ganin irin na shekarar da Korbinian Haslreiter ya dawo ba.

A da, a makiyayar gidansu ake kafa rumfar, dab da bakin tabki. Kana zaune da kofinka, kana kallon dusar ƙanƙarar farko a kan duwatsu, yara na wasa a ruwa. Da mahaifinsu ya rasu, filin ya faɗo a rabon Korbinian. Bai shawarci kowa ba, ko yayarsa Walburga, ya sayar wa wani attajiri daga birnin Munich, ya tattara ya bi shi birni. Attajirin ya zagaye wurin da shingen ƙarfe har cikin ruwa. Mu kuma aka mayar da mu filin ajiye motoci, bayan ofishin 'yan kwana-kwana.

Sai ga shi a wannan shekarar magajin gari, Quirin, ya ce Korbinian ne zai buɗe gangar giya ta farko, wai don shi ya ba da kyautar sabuwar rumfa.

Ya iso da hantsi, bayan an taso daga coci, cikin wandon fata sabo fil wanda ko maiƙo bai taɓa gani ba. Rumfa cike take, amma duk bencin da ya nufa sai mutane su baje, gurbi ya toshe. Vitus, shugaban masu busa, ya ɗora ƙahonsa a cinya ya naɗe hannu. Sauran suka yi yadda ya yi.

"Vitus, ku busa mana!" in ji magajin gari.

"Leɓena ya tsage, ranka ya daɗe."

Kowa jira yake gudumar da ake buga famfo a jikin ganga da ita ta kuɓuce masa, giya ta wanke masa fuska. Ba ta kuɓuce ba. A gidan giyar kakansa ya tashi, hannunsa bai manta ba. Famfo ya shige tsaf, ko ɗigo bai zuba ba. Wannan ya ƙara wa mutane haushi. Ba wanda ya tafa sai Quirin, shi ma ya daina da sauri.

A al'adarmu, wanda ya buɗe ganga shi ke zaɓar mai shan kofin farko. Na miƙa masa kofi, ya cika, ya ratsa rumfar har bakin ƙofa inda Walburga ke gasa kifi a tsinke.

"Yaya, ga naki."

Ta goge hannu a zanen gabanta, ta karɓa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wandon nan haya ka ɗauko, ko na maigidanka ne?"

"Ki sha, Yaya. Mutane na kallo."

"Ai don su kalla na karɓa."

Ta fita riƙe da kofin. Rumfa ta watse, duk muka bi ta. Ta tsallaka titi, ta tsaya a jikin shingen, ta zura hannu ta tuttular da giyar a kan ciyawar attajirin.

"Rabon Baba ke nan," ta ce. "A nan ya saba zama. In kana da mabuɗi, shiga ka gaishe shi."

Wuyan Korbinian ya yi ja. Na ɗauka zai juya ya tafi. Sai ya hau kan wani dutse ya fuskance mu.

"To, tsarkaka, ku matso! Vitus, mai tsagaggen leɓe, wa ya zo gidana a ɓoye yana roƙo in sayar masa da filin, don ya gina masaukin baƙi? Kai, Quirin, wa ya kawo mutumin Munich har falona, yana fassara masa maganata? Ke kuma Resi," ya nuna ni, "ina rumfar kwale-kwalen mijinki? Wa ke kwana a ciki yanzu? Kowa ya sayar da nasa! Nawa ne kawai ya fi girma!"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ba a yafe masa ba.

"Munafuki!" Walburga ta juya kan Vitus. "A teburina ka zauna kana zaginsa, ashe kai ma layi ka bi!"

Vitus ya cafki kwalar Korbinian. Wani ya yi ihu, "A jefa shi tabki!" Maza suka ɗaga shi cak, yana shure-shure, hularsa ta faɗi aka tattake gashin tsuntsun da ke jikinta. Suka yi gabas da shi, shinge. Suka yi yamma, shinge. Duk tsawon bakin ruwan babu inda ɗan ƙauye zai ratsa.

Korbinian, yana sama a hannunsu, ya fashe da dariya. "Ku nemi izini tukuna!"

Dariyar ce ta ja masa. Suka koma da shi bayan rumfa, inda aka ɗaure dawakan da suka jawo gangunan, suka dulmiya shi a komin ruwansu. Ruwan daga dutse yake gangarowa, sanyinsa na shiga ƙashi. Suka danna kansa har sai da limamin coci ya shiga tsakani.

Mutane suka koma rumfa, amma ba a zauna yadda aka saba ba. Dangin Vitus gefe, na Walburga gefe, magajin gari shi kaɗai da matarsa. Aka yi busa, ba wanda ya hau benci ya yi waƙa kamar kowace shekara.

Na fita zuba shara, na same shi zaune a bakin komin yana karkarwa, leɓensa ya fashe. Na wurga masa tsohon mayafin tebur. Ya yafa, bai gode ba.

"Resi, kawo min kofi ɗaya."

"Babu."

"Ganga guda na buɗe da hannuna!"

"Ta mutanen gari ce."

Ya tofar da jini, ya tashi, ya nufi tashar jirgin ƙasa takalmansa na fitar da ruwa. Walburga na tsaye a wurin gashin kifinta, ta gan shi sarai ya wuce. Ta juya kifinta, ta ɗaga murya ta ce wa na gaba a layi, "Kai, babba ko ƙarami?"